Babban Inji Ba Shi Ne Lafiyar Jirgi Ba

'Yan'uwa da ke zaune a bakin ruwa, in an tashi haɗa kuɗi don sayen kwalekwale, tambayar farko ita ce: inji mai ƙarfin doki nawa za a saya? Mutane da yawa suna ganin mafi girma shi ne mafi kyau. Ba haka ba ne.

Jirgi mai nauyi yana ture ruwa ne don ya wuce, kuma tsawonsa ne ke yanke masa iyakar gudu. Mai tsawon mita 10 ba ya wuce kamar kilomita 14 a awa ɗaya cikin sauƙi. Daga nan duk man da aka ƙara, igiyar ruwa kawai yake tayarwa, gindin jirgi ya nutse, kansa ya ɗaga. Shi ya sa masu ƙera jiragen da iska ke turawa a ƙasashen waje sukan sa musu ɗan inji kawai, kamar doki 3 zuwa 4 ga kowane tan ɗaya na nauyi. Amma inda ruwa ke gudu, kamar Kogin Neja da damina, sai an ƙara, don inji maras ƙarfi ba ya iya haurawa da kaya.

Siffar jirgi ma ciniki ce. Siriri yana da gudu, ba ya shan mai, amma yana saurin kifewa. Mai faɗi yana zama daram, yana ɗaukar buhuna, sai dai yana son inji mai ƙarfi. Mai shimfiɗaɗɗen ciki yana bin ruwa maras zurfi, amma yana wahala in iska ta taso.

Abin da inji ba zai taɓa gyarawa ba shi ne lodi. Ranar 30 ga Nuwamba 2021, jirgi ya kife a madatsar Watari ta Bagwai, jihar Kano, mutane aƙalla 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan makaranta. Hukuma ta ce lodi ne ya yi yawa.

Saboda haka, kafin ku sayi inji, ku lissafa nauyin jirgi da na mutane da kaya. Ku shafa fenti a jikinsa inda ruwa ya kamata ya tsaya. In layin ya nutse, a rage kaya. Kuɗin da ya ragu kuma a sayi rigunan kariya da filafilin tuƙi, kada inji ya mutu a tsakiyar ruwa a rasa abin yi.