Fasfon Birtaniya Ba Katin Asibiti Ba Ne

'Yan Birtaniya masu ɗimbin yawa na zaune a wajen ƙasarsu. Wasu sun yi ritaya sun koma Sifaniya ko Faransa don gudun sanyi, wasu kuma aiki ne ya kai su Dubai ko Ostareliya. A cikinsu akwai namu, waɗanda suka daɗe a Landan ko Manchesta har suka samu takardar zama 'yan ƙasa, daga baya suka dawo Kano, Kaduna ko Abuja da iyalansu. Da yawa daga cikinsu na ɗauka cewa muddin fasfon na hannu, duk ranar da ciwo ya tashi sai a hau jirgi a je a yi magani kyauta a asibitocin NHS, wato hukumar lafiya ta Birtaniya da aka kafa a 1948.

Dokar ba haka take ba. Abin da ake dubawa shi ne inda mutum yake zaune a kai a kai. Fasfo ba ya bayar da wannan haƙƙi, haka ma harajin da mutum ya biya a baya, ko gidan da ya mallaka a can. Wanda ya tattara kayansa ya koma wata ƙasa ya zama baƙo a idon asibiti, ko da a Ingila aka haife shi.

A Ingila, ganin likitan unguwa kyauta ne ga kowa, haka kuma kulawar da ake bayarwa a sashen gaggawa, da maganin wasu cututtuka masu yaɗuwa kamar tarin fuka. Amma da zarar an ba mutum gado, ko an tura shi wurin ƙwararren likita, lissafi ya fara. Tun daga 2015 ana cajin baƙo kashi 150 cikin 100 na kuɗin aikin, kuma tun 2017 ake neman a biya kafin a fara idan ba larurar gaggawa ba ce. Mai ciki da mai larurar gaggawa ba a hana su kulawa, sai dai takardar bashi za ta biyo baya. Scotland da Wales suna da nasu ƙa'idojin. Wanda ya koma Birtaniya da niyyar zama na dindindin kuwa haƙƙinsa na dawowa, amma za a iya neman shaida, kamar takardar haya ko ta aiki.

Waɗanda ke karɓar fanshon gwamnatin Birtaniya a ƙasashen Tarayyar Turai suna da sauƙi: akwai takarda mai suna S1, idan suka yi mata rajista a ƙasar da suke, Birtaniya ce ke ɗaukar nauyin maganinsu a asibitocin gwamnatin ƙasar. Katin GHIC, wanda aka fara bayarwa a 2021, an yi shi ne domin mai ziyara, bai dace da wanda ya tare ba. Babu irin wannan yarjejeniya da Najeriya ko Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. A nan sai inshora ko aljihu. Mai shirin kashe fanshonsa a kan magani ya sani cewa ba a yi wa mazauna Najeriya, Kanada da Ostareliya ƙarin shekara-shekara. Yadda kuɗin yake a lokacin ƙaura haka zai tsaya.

Game da inshora, tambaya ɗaya ta fi sauran muhimmanci: shin ta haɗa da ciwon da nake da shi tun kafin in shiga? Sau da yawa amsar a'a ce, kuma a ƙananan rubutun takardar ake samunta. Inshorar tafiye-tafiye kuma ta matafiyi ce, ba ta biya wa wanda ya zama mazaunin gari.

Maganin yau da kullum

Mai hawan jini, ciwon suga, farfaɗiya ko asma shi ya fi shiga tsaka mai wuya. Galibi likitan NHS ba ya rubuta wa mai ƙaura maganin da ya wuce na wata uku, kuma wanda zai bar ƙasar fiye da wata uku ana sa ran ya sanar a cire sunansa daga rajista. Wasu na barin sunan, ɗan'uwa yana karɓo magani yana aiko musu. Ban da saɓa wa ƙa'ida, abin da ya fi damun mu likitoci shi ne mutum ya yi shekara biyu yana shan ƙwayar da babu wanda ya auna jininsa ko ya gwada ƙodarsa a kanta. Magunguna irin su ramipril da metformin suna buƙatar a riƙa duba aikin ƙoda lokaci-lokaci.

Don haka kafin tafiya a karɓi taƙaitaccen tarihin lafiya a rubuce, da sakamakon gwaje-gwaje na baya-bayan nan, da sunan asali na kowane magani da ƙarfinsa. Sunan kamfani na canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa, sunan asali shi ne mai harhaɗa magani zai gane a ko'ina. Yara kuma a taho da jan littafinsu na rigakafi. A nemi likita a sabon garin tun a watan farko, kada a bari sai kwalin ƙarshe ya ƙare.

Masu ciwon suga su kula da ma'auni. Na'urar Birtaniya na nuna suga da mmol/L, yayin da na'urori da yawa a Najeriya, Sifaniya da Amurka ke nunawa da mg/dL. Ana ninka na farko sau 18 a samu na biyu: 7 a can daidai yake da 126 a nan. Haka gwajin HbA1c, 48 a lissafin Birtaniya shi ne kashi 6.5 cikin 100. Wanda bai san wannan ba zai iya firgita ya ƙara wa kansa insulin, sugan ya faɗi ƙasa. Shi kansa insulin da ba a buɗe ba yana son sanyin firji, digiri 2 zuwa 8, kuma a jirgi a jakar hannu ake riƙe shi don kada ya daskare a ɗakin kaya. Inda wutar lantarki ba ta tsayawa, a yi wannan shiri kafin a iso.

Sai magungunan da doka ta sa wa ido. Abin da likita ya rubuta a Landan zai iya zama laifi a wata iyakar. A 2017 wata kotu a Masar ta yanke wa wata 'yar Birtaniya ɗaurin shekara uku saboda ƙwayoyin tramadol da aka samu a jakarta. Dubai na da tsauri a kan codeine da tramadol, Najeriya ma ta haramta maganin tari mai codeine a 2018. A bar magani a kwalinsa mai ɗauke da sunan mai shi, a riƙe wasiƙar likita, a kuma tambayi ofishin jakadancin ƙasar da za a je tun da wuri.

Ga masu dawowa gida

"Ai a nan na girma, sauro ya san ni." Muna jin wannan magana sosai, kuma tana da haɗari. Ɗan juriyar da jiki ke samu ga zazzaɓin cizon sauro na raguwa idan mutum ya daɗe a inda babu cutar, yaran da aka haifa a Birtaniya kuwa ba su da ita sam. Mafi yawan masu zazzaɓin da ake gani a asibitocin Birtaniya mutane ne da suka je ziyarar dangi a Afirka, musamman ta Yamma. A tattauna da likita a kan ƙwayar rigakafi kafin tasowa, a kwana cikin gidan sauro mai magani, kuma duk zazzaɓin da ya taso a yi gwajin jini a ranar. Idan yaro ya fara amai ba tsayawa, ko jijjiga, ko barcin da ba a iya tashinsa, a kai shi asibiti nan take.

Allurar shawara ba ta cikin rigakafin da ake yi wa yara a Birtaniya, kuma za a iya neman katinta wajen shiga Najeriya. A yi ta aƙalla kwana 10 kafin tafiya. Tun 2016 katin na aiki har tsawon rayuwa.