Ilimi da Horar da Malamai a Karkarar Ƙasar Tajikistan

Gabatarwa

Tajikistan ƙasa ce da ke Asiya ta Tsakiya, babban birninta kuwa shi ne Dushanbe. Kimanin kashi 93 cikin ɗari na ƙasar duwatsu ne, kuma fiye da kashi biyu bisa uku na al'ummarta a karkara suke zaune. Wannan darasi zai dubi yadda ake horar da malamai a can, da dalilan da ke hana su zama a ƙauyuka.

Tushen Horar da Malamai

A zamanin Tarayyar Sobiyet aka kafa kwalejin horar da malamai a Dushanbe a 1931, wadda yanzu jami'a ce mai ɗauke da sunan marubucin nan Sadriddin Aini. An buɗe irinta a Khujand a 1932. Bayan samun 'yancin kai a 1991, sai yaƙin basasa ya ɓarke daga 1992 zuwa 1997. Makarantu da dama sun rushe, ƙwararrun malamai kuma suka watse.

Matsalolin Karkara

Matsala ta farko ita ce ƙarancin albashi, wanda ya sa malamai maza da yawa suka bar alli suka tafi ci-rani Rasha. Saboda haka akan tarar da malami guda yana koyar da darasin da bai karanta ba. Ta biyu ita ce cunkoso, har akan raba ɗalibai kashi biyu, 'yan safe da 'yan rana. Ta uku kuwa ta harshe ce. A tsaunukan Pamir, yaro yakan tashi da harshen Shugni ko Wakhi, amma da Tajikanci za a koyar da shi. Malamin da bai ji harshen yaron ba yakan sha wuya a azuzuwan farko.

Matakan Gyara

A 1997 gwamnati ta ware guraben karatu a jami'o'i domin 'yan matan ƙauyuka masu nisa, da fatan su koma su yi wa yankunansu aiki. Haka nan Gidauniyar Aga Khan ta tallafa wajen ƙaro wa malamai sani a bakin aiki a garin Khorog.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa yaye malamai kaɗai ba ya isa. Sai an horar da ɗan gari mai jin harshen yara, an kuma biya shi abin da zai riƙe iyalinsa, kafin makarantar ƙauye ta tsaya da ƙafarta.

Auna Fahimta

1. Kawo matsaloli uku da ke addabar makarantun karkarar Tajikistan.
2. Me ya sa ɗan gari ya fi dacewa da koyarwa a azuzuwan farko?