Tsohuwar Kwamfuta Mai Nawar Tashi: Abin Da Ya Kamata A Yi Kafin A Goge Ta

A Kafanchan da garuruwan kudancin Jihar Kaduna, irin su Kagoro da Zonkwa da Kwoi, malaman makaranta da ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya da masu shagunan buga takardu da yawa suna aiki da kwamfutar tafi-da-gidanka 'yar gwanjo. Wani lokaci akan kunna ta, ta daɗe ba ta tashi ba, bayan ta tashi kuma a tarar zirin ƙasan allo, mai ɗauke da agogo da maɓallin Start, ya ɓace. Mai ita yakan ɗauka ta lalace, ya kai wa mai gyara ya goge kome, ta haka sakamakon jarrabawar yara ko kundin ɗalibi ya salwanta. Ana so jama'a su sani cewa galibi wannan cuta ba ta kai ga haka ba.

Ɓacewar zirin allo

Wani ɓangare na Windows mai suna Explorer shi ne yake fito da wannan ziri. Idan ya maƙale, zirin yakan ɓace, amma takardu suna nan lafiya lau a cikin faifai. Sai a bi waɗannan matakai:

1. A kai kibiya can ƙasan allo, domin mai yiwuwa ne an sa zirin ya riƙa ɓuya da kansa.
2. In bai fito ba, a danna Ctrl da Shift da Esc tare. Task Manager zai buɗe.
3. A zaɓi File, sannan Run new task, a rubuta explorer.exe, a danna Enter.

Dalilan nawar tashi

Na farko shi ne yawan manhajojin da suke tashi tare da kwamfuta. A shiga sashen Startup na Task Manager a dakatar da waɗanda ba a bukata, amma kada a taɓa mai tsaron ƙwayar cuta. A Windows 7, ta msconfig ake yin wannan.

Na biyu, tsohon faifai mai juyawa yakan gaji, musamman inda batir ya mutu, wuta kuma takan ɗauke ana cikin aiki. Idan ana jin yana ƙas-ƙas, to, ya kusa mutuwa. Musanya shi da faifan SSD yakan rage jira ƙwarai.

Na uku, ƙurar hunturu takan toshe fanka, zafi ya yi yawa, kwamfuta ta rage saurinta. Kada a ɗora ta a kan katifa, a kuma riƙa kai ta a share mata ƙura.

Abin lura

Kamfanin Microsoft ya daina aiko da gyare-gyaren tsaro na Windows 7 ranar 14 ga Janairu, 2020, ya kuma rufe tallafin yau da kullum na Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025. Saboda haka sai a yi hattara wajen harkar banki da irin waɗannan kwamfutoci.

Kafin a miƙa kwamfuta ga mai gyara, lalle ne a kwafe muhimman takardu a filasha, a kuma gaya masa kada ya goge kome sai da izini. Rigakafi ya fi magani.