Ina Hayaƙin Dajin Dakoro Yake Zuwa?

Da kaka ta wuce, sai rediyo ya fara kawo labarin gobarar daji a Dakoro, Bermo da Gadabeji. Kullum hekta nawa na makiyaya suka ƙone ake ƙidayawa. Babbar hasara ce, amma ba mai tambayar inda hayaƙin ya nufa.

Kudu yake nufa. Iskar hunturu ke kwasarsa tare da ƙura, ta gama shi da hayaƙin dazuzzukan Najeriya da Benin, wanda ya fi namu nesa ba kusa ba, har ya kai saman kurmi. A hanya hasken rana yakan dafa iskokin da ke cikinsa, irin su kabon monoksaid da na naitirojin, su haifar da ozon. Can ƙololuwar sama ozon kariya ne daga hasken rana mai cutarwa, amma kusa da ƙasa yana ƙona ganye, yana cutar da huhu. Masana sun auna shi a saman kurmin Impfondo na arewacin Kwango a 1988. A Janairun 2006 kuma wani jirgin bincike na Ingila ya riƙa tashi daga Yamai yana bin sawun wannan hayaƙi.

Naitirojin ɗin nan shi ya kamata ya dami manomin Kornaka. Shi ne fa abin da yake saye a buhun yuriya da tsada. Duk wanda ya tara kara da ganyen sabara lokacin sassabe ya banka wuta, toka kawai ke saura masa, takin ya bi iska. Karan da aka bari kwance yana tare yashi, gara ta cinye shi ta mayar wa gona.

Kuma ba baƙon ilimi ba ne. A nan jihar Maraɗi sassaben zamani ya kafu tun wajen 1983, lokacin da wani mai suna Tony Rinaudo da manoma suka fara barin tohon kalgo, sabara da gawo suna girma a gona. Kusan hekta miliyan 5 suka farfaɗo a Maraɗi da Damagaram. Duniya na zuwa koyo, mu kuwa yaranmu ba su ji labarin a makaranta!

Magadan gari, sarakuna da ma'aikatan gandun daji, a share hanyoyin tare wuta tun Oktoba, kafin ciyawa ta bushe. Manomi kuma, bana ka bar karanka a gona.