Labarin yana nan, sunansa ya ɓace

Kusan duk wanda ya taso da karance-karance yana da wani labari da ya maƙale masa a rai, ba suna, ba marubuci. Ƙagaggun labaran kimiyya sun fi yin haka, domin abin mamaki guda ɗaya suke dasa wa yaro, sauran duk su zube. Ga shi littattafan da muka samu a makaranta yawanci bangonsu ya yage, shafin farko ya tafi. Yaro kuma ina ruwansa da sunan marubuci?

Nawa guntun shi ne wata yarinya da 'yan ajinsu suka kulle a ɗan ƙaramin ɗaki, a wata duniya da ruwan sama ba ya ɗaukewa. Sai da na girma na san labarin Ray Bradbury ne, "All Summer in a Day", na 1954. Sunan yarinyar Margot, duniyar kuwa Zuhura ce, wadda muke kira Zara matar wata. A labarin, sau ɗaya rana take leƙowa a shekara bakwai, kuma a daidai wannan ɗan lokacin yaran suka manta da Margot a kulle. Wasu za su rantse maka cewa a ƙarshe an kawo mata furanni. Ba ƙarya suke yi ba: fim ɗin talabijin da aka yi daga labarin a 1982 ne ya ƙara wannan, sai ƙwaƙwalwa ta haɗa biyun ta dama.

Shi ya sa nake ba mai nema shawara ya raba abin da ya tabbatar da abin da yake zato. Ya faɗi shekarun da ya karanta, da harshen, ko akwai zane, ko gajeren labari ne a cikin tarin wasu. Na Turanci suna da gata, don tun 1995 akwai rumbun ISFDB a intanet mai jera marubuta da mujallu.

Namu ne ke damuna. Wani zai ce maka ya tuna yaron da wani baƙo daga sama ya ɗauka ya zaga da shi sararin samaniya. Wannan Kilba ne da Ƙolin Ƙoliyo, a Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1969, shekarar da Amurkawa suka taka wata. Mai nema kan rikita shi da Tauraruwar Hamada na Sa'idu Ahmad Daura, alhali labarai biyu ne daban-daban. In ba ka dace da tsohon malamin Hausa ko dattijon mai sayar da littattafai ba, haka za ka ci gaba da lalube. Ina fata sassan Hausa na jami'o'inmu su tsara kundin da zai jera littattafan nan bisa abin da ke cikinsu, tun malaman da suka koyar da su a aji suna raye.