Daga hanji zuwa huhu: gargaɗi ga masu raina gero

A Azarori, kamar sauran garuruwan Madawa, Buza da Keita, mace takan kwashe shekaru tana hura wutar itace da kara. Idan girma ya zo da haki da tari mai majina, sai a ɗora wa sanyin hunturu laifi. Alhali sau da yawa cuta ce wadda likitoci ke kira BPCO da Faransanci, wato toshewar hanyoyin numfashi, wadda ba ta warkewa, sai dai a sassauta ta. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce cutar ta kashe mutum miliyan uku da rabi a shekarar 2021. Taba da hayaƙin girki suna sahun gaba wajen haddasa ta.

Amma masana sun soma leƙa inda ba a zata ba, wato hanji. A 2020, masu bincike a Ostareliya sun gwada bayan gidan majinyata 28 da na masu lafiya 29, suka tarar ƙwayoyin halittar da ke zaune a hanjinsu sun sha bamban. Masu amfani daga cikin ƙwayoyin nan, dusar hatsi, wake, ganye da albasa ne cimarsu. Idan suka narkar da su, sukan saki sinadarai masu shiga jini su rage kumburi har cikin huhu, kamar yadda gwaji kan ɓeraye ya nuna a Suwis a 2014.

Cimar karkara ba abin rainawa ba ce a nan. Wani binciken 2010 ya nuna yaran ƙauyen Bulpon na Burkina Faso, masu cin gero, dawa da wake, sun fi yaran birnin Florence na Italiya yawan waɗannan sinadarai.

To, ɗan kasuwa da ma'aikaci, da zarar aljihu ya yi nauyi, sukan juya wa gero baya, su koma farar shinkafa, burodi da taliya. Tari kuwa na tasowa, sai a sayi kafso a tebur, alhali maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya bambanta mugu da nagari cikin hanji.

Duk da haka, tuwo da zogale ba sa wanke huhun da hayaƙi ya ɓata. Abin yi shi ne barin taba, fitar da murhu sarari da amfani da busasshen itace. Wanda tarinsa ya wuce mako biyu kuma ya nufi asibitin Madawa ko na Galmi, domin tarin fuka ma da haka yake farawa.