HORAR DA KAREN GIDA DA NA GONA

Malam manomi, wataƙila ka yi mamakin ganin malamin gona ya rubuta takarda a kan kare. Dalili kuwa shi ne, a wannan yanki namu na Kamba, daga Fana da Dole Kaina har ƙetaren kogin Kwara wajen Illo da Lolo da Ka'oje a ƙasar Bagudo, kare ma'aikacin gona ne. Shi ke kwana gindin rumbu, shi ke korar birai daga masara, shi ke tsaron turken tumaki. Tun daga 2015 da aka ƙaddamar da shirin rancen noman shinkafa a Birnin Kebbi noman rani ya yawaita, injin ban ruwa da buhunan taki suna kwana a fadama, mutane da yawa suka nemi kare. Malamai kuwa sun yi bayani cewa ajiye shi domin tsaron gona ko kiwo ko farauta ya halatta.

Amma fa karen da ba a hora ba asara ne. Zai cinye maka kaji, ya haɗa ka faɗa da maƙwabci, wata rana ya ciji ɗan wani a kai ka gaban mai gari.

YADDA KARE KE KOYO

Abu guda za ka riƙe. Kare yana maimaita duk abin da ya yi ya sami daɗi nan take, yana barin abin da bai biya shi ba. Nan take fa na ce, watau kafin ka ƙirga biyu. Ba ya haɗa abin da ya yi da safe da dūkan da ya sha da yamma.

Na taɓa zuwa gidan wani manomi a wani ƙauye na bakin kogi. Karensa ya kashe zabuwar maƙwabci da hantsi, shi kuwa yana gona. Da ya dawo da la'asar aka gaya masa, ya kira kare, kare ya zo yana kaɗa wutsiya, ya kama shi ya yi masa dūkan kawo wuƙa. To, me kare ya koya? Ya koyi cewa idan maigida ya kira ka, ka gudu. Zabi kuwa ya ci gaba da kashewa, domin can ne ya sami daɗi. Ba a yi wata biyu ba aka tsinci gawarsa bayan gari, wani ya ba shi guba, kuma har na bar wurin gidajen nan biyu ba su gaisawa.

Saboda haka kada ka taɓa kiran kare sa'an nan ka doke shi. Ko da ya yi ɓarna, idan ka kira ya zo, zuwan nan shi ne abin da ya yi na ƙarshe, shi za ka saka masa.

TUN YANA KWIKWIYO

Kada ka raba kwikwiyo da uwarsa sai ya cika mako takwas. A wurinta da 'yan'uwansa yake koyon sassauta haƙori, domin in ya ciji ɗan'uwa da ƙarfi wasa ya tashi. Daga nan zuwa wata uku shi ne lokacin da ya fi saurin sabo. Abin da ya saba da shi a makonnin nan ba zai ji tsoronsa ba, ba zai kuma ɗauke shi abin farauta ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ka riƙa zagayawa da shi cikin kaji da awaki yana hannunka ko a igiya. Ya ga jaki, ya ga shanun huɗa, ya ji ƙarar babur da injin ban ruwa. Yaran gida su taɓa shi a hankali kana tsaye.

Ka sa masa suna gajere. Umurni uku sun ishe ka: "zo", "zauna", da "bari". Kare ba ya jin Hausa, ba ya jin Dandanci ko Zabarmanci ko Fulatanci, sauti kawai yake riƙewa. Don haka ku zaɓi kalma guda, kowa a gidan ya riƙa faɗinta iri ɗaya. In kai ka ce "zo", uwargida ta ce "taho", yaro ya yi fito, kun rikita shi.

Lada kuwa ba wani abu mai tsada ba ne. Ka farfasa ƙuli-ƙuli ƙanana kamar ƙwayar wake, ko ɓarɓashin busasshen kifi wanda ba ƙaya, ka zuba a aljihu. Ka yi darasi kafin ya ci abinci, minti biyar, sau biyu ko uku a yini. Ya fi awa guda a rana ɗaya.

Koya masa "zo" haka: ka ja da baya taku uku, ka kira sunansa ka ce "zo". Da isowarsa ka ba shi, ka shafa shi. Kullum ka ƙara nisa kaɗan. "Zauna" kuwa, ka ɗaga ƙuli-ƙulin bisa hancinsa ka kai shi baya wajen ƙeya. Zai ɗaga kai, gindinsa ya sauka ƙasa da kansa. Yana sauka ka ce "zauna" ka ba shi. Ba sai ka danne shi ba.

"Bari" ita ce babba, ita za ta ceci kajinka. Ka dunƙule ƙuli-ƙuli a hannu ka miƙa masa. Zai shinshina, ya lasa, ya tona da ƙafa. Kada ka buɗe. Da zarar ya gaji ya janye hanci, ka ce "bari", ka ba shi wani daga ɗaya hannun. Bayan kwanaki ka ajiye a ƙasa ka rufe da takalminka, ku yi haka nan. Idan ya ƙware sai ka rage lada, wani lokaci ka ba shi, wani lokaci yabo da shafa kawai.

KAMA KAJI DA SHAN ƘWAI

Wannan ce ƙarar da aka fi kawo mana. Da farko ka tambayi kanka, kana ciyar da shi kuwa? Mutane da yawa suna cewa kare ai shi ke nema wa kansa. To, in ya nema wa kansa, akurkinka ne ya fi kusa. Babban kare a ba shi sau biyu a yini, kwikwiyo sau uku ko huɗu: sauran tuwo, ƙanzo da aka jiƙa, dafaffen kayan ciki, da ruwa mai kyau a kasko kullum. Kada a ba shi ƙashin kaza dafaffe, yana tsagewa ya soke hanji. Albasa da yawa tana lalata masa jini. Ɗanyen kai ko huhun tunkiyar da ta mutu kada ya ci, domin ta nan tsutsar ciki ke shigarsa, ta fita a kashinsa ta koma wa garkenka ta wurin ciyawa.

Sa'an nan ka ɗaura masa doguwar igiya, kamar ƙafa goma sha biyar, ku shiga inda kaji suke kiwo. Ka lura da shi. Kafin kare ya zabura yakan tsaya cik, ya kafa ido, ya miƙe kunne. A nan za ka ce "bari", ba bayan ya tashi ba. In ya waiwayo ka, lada. In ya zabura, igiya ta tsai da shi, ka ja shi nesa kaɗan ku sake. Kullum haka, har ka ga kaza ta gifta gabansa shi kuwa kai yake kallo. Abin yakan ɗauki makonni, kuma cikin makonnin nan kada a bar shi da kaji ba kowa, domin kamu ɗaya ya rushe aikin duka.

Akwai masu rataya wa kare mushen kazar a wuya har ta ruɓe. Ni ban ga inda ya yi magani ba, sai ƙudaje da wari. Ƙwai kuwa, musamman na zabi da damina, maganinsa a riƙa kwashewa da wuri, a kuma rufe akurki. Gaskiya ita ce, tsohon karen da ya daɗe yana kashe kaji da wuya ya daina sarai. Irin wannan a mai da shi gadin fadama, nesa da gari.

HAUSHI DA BIN BABUR

Don haushi ka ajiye shi, saboda haka kada ka hana shi. Abin da za ka koya masa shi ne tsayawa. In ya yi haushi ka fito ka duba, sa'an nan ka ce "ya isa", ka kira shi, ya yi shiru ka ba shi lada. Tsawa daga cikin ɗaki ba ta aiki, shi gani yake kana taya shi.

Bin 'yan kabu-kabu kuwa, a ganinsa kullum shi ke cin nasara, domin duk wanda ya kora ya gudu. Maganinsa ɗaya da na kaji: doguwar igiya, gefen hanya, da "bari" tun babur yana nesa.

CIZO

Wasu suna ɗaure kare da sarƙa dare da rana cikin zafi, su hana shi abinci, su yanke masa kunne, wai don ya yi zafi. Abin da suke samu matsoraci ne, kuma matsoracin kare ba ya bambanta ɓarawo da almajiri. In tilas ne a ɗaure shi da rana, a sami inuwa da ruwa da igiya mai tsawo, a sake shi ya motsa safe da yamma.

Gurnani gargaɗi ne. In ka doke shi saboda gurnani, gobe zai ciji ba gargaɗi. Ka duba abin da ya tsorata shi ka raba su. Ka gargaɗi yara kada su taɓa kare yana cin abinci ko yana barci, ko karya mai shayarwa, kada kuma su jefe shi. Yaron da baƙon kare ya taso masa ya tsaya cik kamar icce, kada ya gudu. Kada ka cuna wa mutum kare ko da wasa, ko shanun makiyaya da suka shiga gonarka. Wannan magana ce ta mai gari da ardo, in kare ya shiga ciki sai ta ƙara girma.

IDAN HALINSA YA SAKE FARAT ƊAYA

Wannan ba maganar horo ba ce. Karen da ka sani mai hankali ya fara cizon icce da duwatsu, miyau na zuba, muryarsa ta sake, ko ya yi laƙwas baki a buɗe, ka yi zaton ciwon haukan kare. Kada ka sa hannu a bakinsa wai ƙashi ya maƙale. A tsare shi daga nesa a kira malamin dabbobi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 59,000 ke mutuwa da ciwon nan kowace shekara, kusan duka ta hanyar kare, kuma wajen 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Idan alamunsa suka bayyana a jikin mutum babu magani. Mu da ke bakin iyaka, kusa da Gaya ta Nijar da Malanbil ta Benin, karnuka suna ƙetarewa ba mai tambayarsu takarda. Ka kai kwikwiyo a yi masa allurar rigakafi yana wata uku, a maimaita kowace shekara, ka adana takardar. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Jihar Filato tana yin wannan allura. Ranar 28 ga Satumba ita ce ranar yaƙi da ciwon a duniya tun 2007, ka riƙe ta ta zama ranar tuna maka.

In kare ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a kai shi asibiti a ranar domin allura. Kada a tsaya shafa magani ko jiran a gani. Karen kuwa, in zai tsaru ba tare da haɗari ba, kada a kashe shi. A tsare shi kwana 10 ana ba shi ci da sha ana lura. In ya mutu cikin kwanakin nan kada kowa ya feɗe shi, a sanar da ofishin dabbobi da asibitin da ke yi wa mutumin allura.

Domin ƙarin bayani ka tuntuɓi malamin gona ko malamin dabbobi mafi kusa da kai.